Yadda ake tace furotin IgG daga ruwan jinin ɗan Adam don bincike a ɗakin gwaji

Idan aka juya jini a na'urar santirifuj, mai jujjuya kwalba da gudu, ƙwayoyin jini sukan kwanta ƙasa, wani ruwa rawaya-rawaya ya taso sama. Wannan ruwan jini, wato filasma, ya ɗan haura rabin jinin mutum, kuma kowace lita tasa tana ɗauke da furotin giram 60 zuwa 80. Mafi yawa albumin ne, giram 35 zuwa 50 a lita. Sai IgG, babban sojan garkuwar jiki, giram 7 zuwa 16. Sai fibrinojin mai daskarar da jini, giram 2 zuwa 4, da taransferin mai dakon sinadarin ƙarfe, da wasu ɗaruruwa ƙanana. Aikin mai tacewa shi ne ya ciro guda ɗaya daga wannan taro ba tare da ya kashe shi ba.

Edwin Cohn na jami'ar Harvard a Amurka shi ya kafa hanyar rarraba su da giyar etanol mai sanyi a lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma har gobe masana'antu a kan tushensa suke. Amma hanyarsa tana son sanyi ƙasa da digiri sifili da ba ya yankewa, abin da ɗakunan gwajinmu ba za su yi alkawarinsa ba. Hanyar da za a bi a nan ta gishirin amoniyam salfet ce, kuma IgG za a ciro, domin shi ɗalibai da masu bincike suka fi buƙata kuma shi ya fi jure wahala. Da irin wannan tataccen furotin ne Cohen da McGregor da Carrington suka nuna a 1961, a ƙasar Gambiya, cewa garkuwar da manya suka tara a jininsu tana rage ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro a jikin yara.

Kafin ka taɓa kwalba ko ɗaya, ka yanke abin da za ka yi da furotin ɗin. Wanda zai yi gwajin ELISA kaɗai, wato gwajin da ke nuna ko garkuwa ta kama abin da take nema, tacewa ta tsaka-tsaki ta ishe shi. Wanda zai zuba shi a kan ƙwayoyin halitta masu rai, ko ya liƙa masa launi mai ƙyalli, dole ya guji wasu sinadarai tun daga farko. Yawancin aikin da ya lalace, a wannan gaɓar ya lalace, tun ba a fara ba.

Izini, da lafiyar mai aikin

Jinin mutum ba a ɗibarsa don bincike sai da takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin koyarwa ko jami'a, da kuma yardar mai jinin a rubuce. Ko ledar filasma ce da wa'adinta ya ƙare a ma'ajiyar jini, sai an ba ka da takarda. A tabbatar an gwada ta an ga babu HIV, babu ciwon hanta nau'in B da C, babu sifilis. Duk da haka ka riƙe ta kamar tana da su. Rigakafin ciwon hanta nau'in B wajibi ne ga duk mai wannan aiki, sai safar hannu, rigar aiki da tabarau. Ba a zuƙo ruwa da baki a fifet, wato siririn bututun ɗibar ruwa, ko da an ga wani tsohon ma'aikaci yana yi. Abin da ya zube a rufe shi da takarda, a kwara masa ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari, a bari minti 20 zuwa 30 kafin a share.

Wasu sukan ɗumama siram, wato ruwan da ke raguwa bayan jini ya daskare, a digiri 56 na rabin awa su ce sun kashe cuta. Wannan ɗumi furotin kamfiliment mai taimaka wa garkuwa yake kashewa, bai isa ya kawar da ƙwayar ciwon hanta ba, kuma yana sa IgG ya riƙa dunƙulewa. A bar shi. Abin da za ka tace kuma na teburin bincike ne, ba a yi wa mutum allurarsa.

Mataki na farko: ka rabu da fibrinojin

In za ka ɗebi jinin da kanka, ka sa shi a kwalbar da babu maganin hana daskarewa, ka bar shi ya daskare awa ɗaya, ka juya, ka kwashi siram. Ka huta.

In kuwa filasma ce daga ledar ma'ajiyar jini, da sitiret aka hana ta daskarewa, kuma fibrinojin na nan cikinta yana jiran ya toshe maka komai a gaba. Narkar da ita a ruwan ɗumi mai digiri 37. A kowace mililita 20 ka zuba rabin mililita na kalsiyam kulorayid mai ƙarfin mola 1. Zuba a kwalbar gilashi, domin gilashi yana taimaka wa daskarewa fiye da roba, ka ajiye a digiri 37 na awa ɗaya, sannan a firji ya kwana. Da safe za ka tarar da gudaji mai santsi ya ja jiki ya bar ruwa a gefe. Fasa shi da sandar gilashi, ka juya, ka ɗebi ruwan. Filasmar da aka sa wa hefarin ba ta jin kalsiyam. Ita sai dai ka zuba mata ruwan amoniyam salfet da ya ƙoshi, irin na mataki na biyu, kashi ɗaya cikin uku na yawanta, wanda zai kai ta kashi 25 cikin ɗari na ƙoshin gishirin, fibrinojin ya kwanta, ka juya ka zubar da shi.

Ka ɗebi ɗigo kaɗan na siram ɗin ka ajiye daban a firiza. Haka za ka riƙa yi a ƙarshen kowane mataki, za a neme su.

Mataki na biyu: haɗa ruwan gishirin

Wannan a yi shi kwana biyu kafin ranar aiki. A ɗumama lita ɗaya ta tataccen ruwa na ɗakin gwaji, a zuba giram 800 na amoniyam salfet ana motsawa har ya narke gwargwadon iyawarsa. Ruwan leda na sha ba ya maye gurbin tataccen ruwa, haka ma amoniyam salfet na takin zamani, ko da yake sunansu ɗaya, yana ɗauke da datti da ƙarafa masu ɓata furotin. A bar haɗin ya huce, a sa a firji. Washegari za ka ga ƙanƙarar gishiri ta taru a gindin kwalba. Ita ce shaidar cewa ruwan ya ƙoshi, kada ka tace ta ka yar. Ruwan da ya ƙoshi a zafin watan Afrilu ya fi wanda ke firji ɗaukar gishiri, shi ya sa ake ajiye shi a sanyin da za a yi aiki da shi.

Haɗin yakan fito da ɗan tsami. Ka ɗaga pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami, zuwa 7.0 ko 7.4 da ɗigon ruwan amoniya. Wajen aunawa, ɗebi kaɗan ka sirka shi sau 20 da ruwa tukuna, domin gishiri mai yawa yana ruɗa na'urar.

Mataki na uku: kwantar da furotin

Duk wanda ya ga yadda ake awara ya san hoton abin: a zuba ruwan tsami a madarar waken suya, furotin ya tattaru ya rabu da ruwa. Bambancin shi ne awara ba ta komawa madara, amma furotin da amoniyam salfet ya kwantar lafiyarsa ƙalau, da an sake ba shi ruwa zai narke ya ci gaba da aikinsa. Gishirin ruwan da ke kewaye da furotin yake janyewa, kuma kowane furotin da iyakar ƙishin da yake jurewa. Fibrinojin yakan faɗi tun a kashi 20 zuwa 25, IgG tsakanin 33 da 50, albumin kuwa sai an wuce 60.

Mu ɗauka kana da siram mililita 10. Sirka shi da mililita 10 na ruwan gishirin saline ko bafar PBS, wato ruwan gishiri da fosfet mai hana pH canzawa, ya zama 20. Sirkawar tana rage albumin da zai maƙale a cikin gudajin. Lissafin abin da za ka zuba kuwa: ka ninka yawan ruwanka da kason da kake so, ka raba da abin da ya rage a ɗari. Kana son 45, to 20 sau 45, a raba da 55, ya ba ka mililita 16.4.

Sa kofin gilashin a cikin kwanon ƙanƙara, ka ɗora a kan na'urar motsawa mai maganaɗisu, ka sa ta juya a hankali yadda ba za ta tayar da kumfa ba. Kumfa a wannan aiki furotin ne da ya mutu. Sai ka fara ɗiga ruwan gishirin ɗigo-ɗigo. Kowane ɗigo in ya faɗa za ka ga wani farin gajimare ya tashi a wurin, ya bazu, ya ɓace. Ka jira ya ɓace kafin ka saki na gaba. Can wajen rabin tafiya gajimaren zai daina ɓacewa, ruwan ya koma kamar an sirka nono. Kada ganin haka ya sa ka juye sauran gaba ɗaya. Duk inda gishiri ya faɗa da yawa lokaci guda, ƙarfinsa a wurin ya haura 60, albumin ya kwanta, kuma ba lallai ya sake tashi ba. Mililita 16 ɗin nan ta ci minti 20 zuwa 30. Bayan ɗigon ƙarshe a bar shi yana juyawa awa ɗaya a sanyi. In ya kwana a firji ma babu laifi, a cikin wannan gishiri furotin ya fi zaman lafiya fiye da kowane mataki, don haka in wuta tana wasa, a nan ne wurin tsayawa.

Juya a santirifuj, ƙarfin g 3,000 na minti 30, ko g 10,000 na minti 15. A lura, g, wato ƙarfin jan da juyin ke haifarwa, daban, yawan zagaye a minti daban. Ƙaramar na'urar tebur mai tsawon hannu santimita 15 daga tsakiya, in tana zagaye 4,000 a minti, g wajen 2,700 take bayarwa. In na'urar ba mai sanyi ba ce, ka sanyaya kofunanta a firji tukuna, ka raba juyin gida biyu. Bayan juyi za ka ga farin gudaji a gindi, ruwa rawaya a bisa, wani lokaci da ɓawon kitse yana yawo a kai in mai jinin ya ci abinci mai maiƙo. Tsiyaye ruwan a hankali, ka goge kitsen daga bangon kwalba. Kada ka zubar da ruwan rawayan in kana da buƙatar albumin, can yake.

Narkar da gudajin a mililita 10 na PBS, kana karkaɗa kwalbar da hannu, ba da na'urar girgiza ba. Sake kwantar da shi, wannan karon a kashi 40, wato ka ɗiga mililita 6.7. Zagaye na biyu yana cin awa biyu, amma shi ke fitar da mafi yawan albumin da ya biyo. Gudajin ƙarshe a narkar da shi a mililita 3 zuwa 5 kacal.

Mataki na huɗu: wanke gishirin

Yanzu furotin ɗinka yana cikin gishiri mai yawa, kuma gishirin nan zai hana shi kama kolom, wato bututun tacewa na mataki na biyar, ya ɓata gwajin biyuret da na Lowry na auna furotin, ya kashe duk ƙwayar halittar da ya taɓa. Da dayalisis ake fitar da shi, kuma dabarar ɗaya ce da ta wankin ƙoda: leda mai ƙananan ƙofofi da gishiri ke wucewa, furotin ba ya wucewa. Nemi mai iyakar kilodalton 12 zuwa 14 a ma'aunin nauyin furotin, IgG kilodalton 150 ne, ba inda za shi.

Jiƙa ledar a tataccen ruwa har ta yi laushi, ka ƙulle gefe ɗaya ƙulli biyu, ka cika ta da ruwa ka matsa ka ga ko tana yoyo. Sannan ka zuba furotin, ka bar kusan rabin ledar babu komai kafin ka ƙulle ɗaya gefen, domin gishirin zai jawo ruwa ciki, ledar da aka cika tam takan fashe cikin dare. Jefa ta a lita ɗaya ta bafa mai sanyi tana juyawa a hankali. A canza bafar sau uku, tsakaninsu aƙalla awa huɗu, na ƙarshe ya kwana. In aka ɗauke wuta, a mayar da tulun cikin kula mai ƙanƙara. Ƙanƙarar kasuwa ta isa, muddin a waje take ba ta taɓa bafar ba.

Wace bafa? Ya danganta da matakin gaba. Mai tsayawa a nan ya yi da PBS. Mai zuwa kolom ɗin DEAE na mataki na biyar ya yi da fosfet milimola 17.5 a pH 6.3. Mai zuwa furotin G ya yi da fosfet milimola 20 a pH 7.0.

Don ka san gishiri ya fita, ɗebi mililita ɗaya na bafar waje ta ƙarshe, ka sa mata ɗigon ruwan asid HCl, sannan ɗigon bariyam kulorayid. In ta yi fari, da sauran salfet. Asid ɗin ba ado ba ne: fosfet ma yana yin fari da bariyam, sai a cikin tsami ne yake narkewa ya bar salfet shi kaɗai. Wanda ya manta da shi zai yi ta canza bafa kwana da kwanaki a banza. In ka buɗe leda ka ga ɗan gari-gari a ciki, yawanci IgM ne, wani nau'in garkuwa, da makamantansa da ba sa son ruwa mai ƙarancin gishiri. Juya ka rabu da su.

Mataki na biyar: kolom

Abin da ke hannunka yanzu mafi yawansa IgG ne, amma da sauran taransferin, IgA da ɗan albumin. Hanyoyi biyu ne, aljihu ke zaɓa.

Mai araha ita ce DEAE, wani abu ne da ake cika kolom da shi, mai riƙe furotin ta cajin lantarki. A pH 6.3 da gishiri kaɗan, sauran furotin suna manne wa DEAE, mafi yawan IgG kuwa ya wuce abinsa. Bututun sirinji mai mililita 20 da aka toshe gindinsa da audugar gilashi ya isa kolom. Zuba DEAE mililita 10, ka yi ta wanke shi da bafar har pH ɗin abin da ke fita ya zo daidai da na abin da ke shiga. Kada ka bari saman ya bushe ko iska ta shiga. Ɗora furotin a hankali, ka bi shi da bafar, kana tara mililita 2 a kowace kwalba. Abin da ya fara fitowa shi ne naka. Sauran a kore su da gishirin girki na ɗakin gwaji mai ƙarfin mola 1. Raunin wannan hanya shi ne wani kaso na IgG yana maƙalewa a baya, don haka abin da ka samu bai wakilci dukan garkuwar mai jinin daidai-wa-daida ba.

Mai tsada ita ce furotin A ko furotin G, waɗanda aka samo daga jikin ƙwayoyin bakteriya kuma suke cafke IgG a gindinsa. Ga jinin mutum, ni G nake zaɓa, domin yana kama dukan nau'o'in IgG huɗu, A kuwa yana sakin IgG3, wanda yana cikin masu muhimmanci a binciken zazzaɓin cizon sauro. Mililita ɗaya ta kolom tana riƙe wajen miligiram 20, don haka ba a lafta mata komai lokaci guda, sai a yi zagaye-zagaye. Tace samfurin, ka ɗora, ka wanke da bafa ninki goma na girman kolom. Sannan ka sako IgG da gilaisin mola 0.1 a pH 2.7. Wannan tsami yana lahanta furotin cikin mintuna, saboda haka tun kafin ka fara, kowace kwalbar tara ta kasance da maikurolita 100 na Tris mola 1 a pH 9 tana jira, ɗigo na faɗawa yana samun sauƙi. Ka gwada da takardar pH ka ga ya dawo kusa da 7, sannan a sake dayalisis zuwa PBS. Kolom ɗin a wanke shi nan take, a ajiye cikin etanol kashi 20 a firji. Firiza tana kashe shi.

Akwai hanya ta uku da asid kafirilik, wanda ke kwantar da sauran furotin ya bar IgG a ruwa. Da ita cibiyar Clodomiro Picado ta ƙasar Kosta Rika take tace maganin dafin maciji EchiTAb-Plus daga jinin doki, wanda aka yi don macizanmu irin su gobe-da-nisa.

Mataki na shida: nawa ka samu, kuma mene ne shi

Auna a na'urar hasken sifekta a nanomita 280, da ƙaramin kofin kwatz, domin gilashi da roba na gama-gari suna shanye wannan haske. Daidaita sifili da bafar da furotin ke ciki. IgG miligiram ɗaya a mililita yana ba da kusan 1.4. Misali ka sirka sau 20 ka karanta 0.42: ninka da 20, raba da 1.4, ka sami miligiram 6 a mililita. In kana da mililita 8, miligiram 48 ke nan. Daga siram mililita 10 wannan ba abin kunya ba ne, asara a hanya dole ce. Mai amfani da gwajin Bradford ya sani cewa in da albumin ya zana ma'auni, zai ga IgG ƙasa da yadda yake, gara ya yi ma'aunin da gama-gulobulin.

Lamba ba ta faɗin tsabta, sai jel. Haɗa SDS-PAGE, wato jel ɗin da ke rarraba furotin bisa nauyinsu da wutar lantarki, mai kashi 10 ko 12, ka fito da samfuran nan da ka riƙa ajiyewa, ka jera su daga ɗanyen siram har zuwa na ƙarshe. Tafasa kowanne minti 5 da sinadarin makaftoyetanol, ka ɗora maikurogiram 3 zuwa 5 a layi. Bayan rini da Coomassie, tsabtataccen IgG zai nuna zane biyu, mai kauri a kilodalton 50, siriri a 25. Zane a 66 albumin ne, a wajen 80 taransferin. Ka ware layi ɗaya ka lafta masa maikurogiram 20. Layin da aka ɗora wa kaɗan kullum kyakkyawa ne, mai nauyin shi ke tona asirin abin da ya ɓuya, kuma shi mai duba aikinka zai tambaya. Daga nan ka gwada shi a ELISA gefe da gefe da ɗanyen siram, domin furotin yana iya fitowa fes a jel alhali tsami ko zafi sun riga sun kashe kamunsa.

Ajiya

Tace ta matatar maikuromita 0.22, ka rarraba a ƙananan kwalabe gwargwadon abin da za ka buƙata a zama ɗaya. Narkewa da sake daskarewa shi ne babban mai lalata furotin, kuma firizar da wuta ke zuwa tana tafiya tana yi maka haka ba da saninka ba. Maganinsa gilisarol: a haɗa rabi da rabi, furotin ba zai daskare a digiri 20 ƙasa da sifili ba, balle ya narke. Sa kwalaben a can ƙuryar firiza tsakanin robobin ƙanƙara, ba a jikin ƙofa ba. Akwai dabarar gane abin da ya faru a bayanka: daskarar da ruwa rabin ƙaramar kwalba, ka kifa ta a gefen samfuranka. Ranar da ka tarar ƙanƙarar ta sauko ƙasa, firizar ta narke.

Na makonni kaɗan a firji, sodiyam azayid kashi 0.02 cikin ɗari yana hana ruɓewa. Guba ne mai ƙarfi, yana kashe ƙwayoyin halitta, yana kuma kashe sinadarin HRP da ake amfani da shi a ELISA. Wanda zai liƙa wa IgG launin FITC ko bayotin ya tabbatar babu Tris, gilaisin ko ragowar amoniyam a ciki, su za su cinye launin. Wanda zai gwada shi a kan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ake reno a kwalba kuwa, ya bar azayid da gilisarol duka, ya yi dayalisis na ƙarshe zuwa ruwan renon RPMI, ya kuma yi aiki da jajayen ƙwayoyin jini rukunin O, don kada garkuwar rukunin jini ta dunƙule su a ɗauka ƙwayar cutar ta hana. A jikin kowace kwalba a rubuta lambar samfur, ƙarfinsa, bafarsa, abin da aka ƙara masa da kwanan wata, da alƙalamin da sanyi da etanol ba sa gogewa, sunan mai jinin kuma ya tsaya a littafin da ke kulle.